A Ƙyale 'Yan Laɓe Su Yi Karatunsu

Duk mai bin littattafan Hausa ta waya ya san gargaɗin da ake rufe shafi da shi a zaurukan WhatsApp: in ba a ga sharhi ba, gobe babu ci gaba, kuma za a yi waje da 'yan laɓe. Masu karantawa su yi shiru ake nufi. Marubuciya ta san su ɗaya bayan ɗaya, domin da ta danne saƙonta ta duba bayaninsa, sai jerin waɗanda suka buɗe ya fito mata, kowa da lokacin da ya buɗe. WhatsApp ya kawo shuɗin maki biyun nan ne a 2014, kuma a zaure ba ya kashuwa ko da mutum ya kashe shi a hirarsa ta mutum biyu. A Wattpad, wanda aka kafa a Toronto ta Kanada a 2006, kowane babi na ɗauke da adadin buɗewa da ƙuri'u da sharhi, kowa na gani.

Ina ganin wannan ƙidaya ta fara yi wa rubutunmu illa, kuma masu shirun da ake tsangwama ba su yi laifin komai ba.

Na san abin da ke ci wa marubuciya tuwo a ƙwarya. Da babban yatsa take buga shafi goma, da kuɗinta take sayen data, in babu wuta ta aika da waya wurin mai caji. Kafin ta kai ƙarshen labari, wani ya tattara shi yana rabawa kyauta, wani kuma yana karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Wadda ta sha wannan wahala tana da haƙƙin son sanin ko ana tare da ita.

Sai dai lamba ƙofa kawai take gadi. Tana ƙirga wanda ya shigo, ba ta san wanda labari ya hana barci ba. A nan Tirwun na san gidajen da waya ɗaya ce ke zagaya mata uku ko huɗu. Bayan sallar isha'i budurwa za ta zauna bakin tabarma tana karantawa a bayyane, uwa da gwaggo na ɓarar gyaɗa suna tsinewa mugun mijin da ke cikin labarin. A wurin na'ura, mutum ɗaya ne ya buɗe, kuma bai ce uffan ba. Ranar shara, wannan lambar ce za a fara cirewa, a bar mai turo hoton wuta guda biyar wanda ko sakin layin farko bai karanta ba.

Babbar asarar a kan labarin kansa take faɗawa. Marubuciyar da ta ga babin da kishiyoyi suka kaure da dambe ya ninka sauran sharhi, gobe ma damben za ta kawo. Babin da ya tsaya ya nuna yadda talauci ke cin gida a hankali, a tsallake shi. Haka labarin da ya kamata ya ƙare a shafi 40 zai kai 120, kowane shafi a yanke shi daidai inda aka ɗaga mari. Wasu ma sun gano batsa ta fi komai tara jama'a, sun bi. Da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya fito a 1934, yau ake sakinsa shafi-shafi, ina tsoron da an matsa wa marubucinsa ya rage tafiyar hamada ya ƙara soyayya.

Marubutan adabin kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, su ma sun so kasuwa, sun kuma saurari masu karatu. Amma wasiƙa ce ke zuwa bayan littafi ya fita, daga wanda ya karanta ya yi tunani har ya sayi kan sarki. Kwafi ɗaya a shagon haya yakan bi hannu da yawa har bangonsa ya yage, ba wanda ya bi sawun kowa.

Su ma masu karatu na yau ba su zauna ba. Da aka matsa musu da sa ido, da yawa sun koma GB WhatsApp da ire-irensa, don su leƙa ba a gan su ba, su kuma karanta abin da aka goge. Waɗannan manhajoji ba na kamfanin WhatsApp ba ne, ba a samun su a Play Store, kamfanin kuma yana rufe layukan masu amfani da su. Mutum ya guje wa idon marubuciya, ya miƙa hotunan iyalinsa da lambobin 'yan uwansa ga wanda bai san ko wane ne ba. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ba za ta ceci wanda ya buɗe ƙofarsa da hannunsa ba.

Shawarata ga 'yan uwa marubuta: in kuɗi ake so, a faɗi farashi a fili, wanda ya biya ya karanta yadda ya ga dama, ko da baki ko shiru. In gyara ake so, a nemi mutum uku masu faɗin gaskiya su duba rubutu kafin a sake shi. A kammala labari tukuna kafin a fara rabawa, don kada zaure ya riƙe alƙalami. Sauran jama'a kuma a ƙyale su. Karatu suka zo yi, ba rajista ba.