Gyaran Magana: Daga Zauren Makaɗa Zuwa Tallar Rediyo

Mai rubuta talla don rediyo ko Facebook bai rasa masu yabo ba, mai gyara ya rasa. Zai karanta wa abokai, su ce "Masha Allah, ta yi," a watse, bai ƙaru da komai ba. Alhali a ƙasar Bakura da Maradun akwai tsohuwar hanyar tace magana a hannun makaɗan fada.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Bakura wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan a bayan wansa Kurna, kafin ya zama jagora. Sa'idu Faru ma a gidan kiɗan kotso ya tashi. A irin wannan gida ba a kai wa sarki waƙa ɗanya. Jagora zai jefa gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa. In kalma ta yi wa kiɗa tsawo, nan take harshe zai sarƙe, amshi ya watse, kowa ya ji inda matsalar take ba tare da gardama ba. Wani lokaci ɗan amshi ne zai yi ƙari, ya cika abin da jagora ya faro, har ya fi zama daram. A ganina nan ne ƙarfin al'adar yake: mai gyaran shi ne wanda zai ɗauki maganar a bakinsa gobe a gaban jama'a, don haka ba zai yi kara ba, kuma gaɓa ɗaya yake nunawa, ba ya kushe aikin gaba ɗaya.

Sai dai hanyar tana da rauni. Kunya kan hana yaro buɗe baki gaban maigidansa. Kuma doki ko babbar rigar da sarki ya bayar shaida ce cewa ya ji daɗi, ba ta nuna abin da talaka ya riƙe ba. Wannan ramin ne marubutan talla suka fi faɗawa. Mai shago ne ke biya, shi kuwa kirari yake so, sai a cika minti ɗaya da "Alhaji mai hannun kyauta." Manomin shinkafa na Bakolori da ke saurare bai ji kuɗin buhun taki ba, bai ji layin da shagon yake ba.

Wanda ke son gyara na gaskiya ya nemi 'yan amshinsa a kasuwar Mafara ranar Talata. Ya karanta wa mai shayi ko ɗan dako tallar sau ɗaya, kada ya tambaye shi ko ta yi daɗi, ya ce, "Malam, maimaita mini abin da ka ji." In kirarin ya dawo amma sunan shagon ya ɓace, sai ya koma ya sake rubutu.