A fara auna kunnen yaro kafin a kunna masa Turanci

Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, wani salo yana shigowa ajin Turanci. Malami zai haɗa wayarsa da ƙaramar lasifika, ya kunna wa ɗalibai muryoyin Turawan Ingila da na Amurka, maza da mata, don shirya su ga takardar furuci ta WAEC da NECO. Ina murna da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗura wa aji guda abu ɗaya, kamar kunnensu ɗaya ne.

Dabarar ta yi suna ne tun 1991, lokacin da masana a Amurka suka koya wa Japanawa bambance "r" da "l" ta hanyar sauraron masu magana da yawa. Amma a 2011 wani masani mai suna Perrachione da abokan aikinsa suka gano cewa yawan muryoyi mai kaifin kunne yake amfana. Wanda kunnensa bai faɗa ba, rikicewa yake ƙara yi, ya fi ci gaba idan aka rage masa sauye-sauyen murya.

Mu kuwa aikin da ke gaban yaranmu ba ƙarami ba ne. Wasulan Hausa 5 ne, gajeru da dogaye, na Turancin Ingila kusan 20. Bakano yana haɗa "p" da "f", yana mayar da "th" zuwa "s" ko "z". Wani yaron cikin mako guda zai ji bambancin "pan" da "fan", wani sai ya yi zango guda. Na biyun ba daƙiƙi ba ne.

Makarantar allo ta riga mu gane haka. Kowane almajiri da allonsa, malam yana sauraron bakin kowa, ba ya ƙara masa karatu sai harafi ya fito daga mafitarsa.

Na san ajujuwanmu a cike suke. Duk da haka, a farkon zango malami zai iya karanta kalmomi masu kama da juna, ya ga wa ya bambance su. Masu kaifin kunne a ba su muryoyi da yawa. Sauran a fara musu da murya ɗaya, a hankali, a nuna musu inda leɓe da harshe suke zama, sannan a riƙa ƙarawa. Wannan ba ya buƙatar kuɗi, haƙuri yake buƙata, kuma haƙƙin yaran ne a kanmu.