"An" da "Afirka" a Labarin Noman Rani na Kura

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, in ya iso Kura sai ya ga ƙasa kore shar, ga alkama ga shinkafa ga tumatir, ruwa na gudu cikin magudanai har Bunkure da Kadawa. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da fari ya addabi ƙasar. Nufina a wannan ɗan bayani in duba irin Hausar da jaridu da littattafan makaranta suke ba da wannan labari da ita, domin malamanmu na kwalejojin horo su ne masu miƙa ta ga na baya.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne lamirin nan "an". Nahawu ya sanar da mu ana amfani da shi in ba a san mai aiki ba, ko kuwa in ba a so a faɗe shi. Ni ma ga shi na ce "aka gama" tun a sama, gama harshen ya sabar mana. Amma fa dubi inda yake yawaita. Littafi zai ambaci gwamna wajen ginin madatsa, in ya zo kan dubban mutanen da ruwan Tiga ya ci garuruwansu sai ya ce "an sake musu matsuguni". Wa ya auna gonakin, wa ya yanke diyya, wa ya karɓa? Jimlar ta haɗiye su duka. Watau alheri yana da mai shi, ɓarna kuwa marainiya ce.

Bakolori ta fi nuna haɗarin wannan. A watan Afrilu na 1980 manoman wajen Talatar Mafara, waɗanda suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Lissafin hukuma na waɗanda suka mutu bai kai talatin ba, na manoma ya haura ɗari. Marubucin da ya ce "an yi tarzoma, an rasa rayuka" bai yi ƙarya ba, amma ya haɗa mai bindiga da mai fartanya cikin lamiri guda. Kalmar "tarzoma" kuwa ta riga ta yanke hukunci tun ba a ji ƙara ba, don Bahaushe ba ya kiran mai neman haƙƙinsa ɗan tarzoma.

Sai kalma ta biyu, "Afirka". Darasin ban-ruwa yakan soma da Kogin Nilu da abin jan ruwan Misirawa, alhali kakan yaron da jigo ya shayar da lambunsa a fadama. Yaro ya tashi ke nan yana zaton Afirka ta abin alfahari tana can nesa, tasa kuwa sai ran masifa take shiga jarida. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kadawa, har masana'antar Dangote ta can ta tsaya don rashin kaya. Jaridun gida da na waje suka laƙaba mata "Ebolar tumatir". Ashe asalin ƙwaron Kudancin Amurka ne, ya sauka Sifen a 2006, kana ya ratso zuwa ƙasashenmu. Baƙo ne ya zo ta Turai, aka sa masa sunan cutar da duniya ta san nahiyarmu da ita. Manoman Kura dai ba su bi jarida ba, "sharon" suke ce masa.