Daga Mario zuwa Free Fire: Wasannin Bidiyo a Ma'aunin Damagaram

Masu cewa wasannin bidiyo na da sun fi na yanzu, yawancinsu ƙuruciyarsu suke kewa. Ta fuskar gwaninta babu gardama: Super Mario Bros. na 1985 da Contra na 1987 ba su kama ƙafar abin da ƙaramar wayar Tecno ke nunawa yau ba, a zane ko a sauti. Sai dai a Damagaram ba kyan hoto ake fara dubawa ba. Garin dara ne, inda mutum biyu ke zama gaban gurabu 30 da aka tona a rairayi, kowa da 'ya'yansa 12, wasu kuma na tsaye a kansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Wasa a nan rabinsa na 'yan kallo ne.

Shi ya sa PlayStation 2, wadda Sony ta fitar a 2000, ta zauna daram a unguwanni irin su Birni da Zango. Shago ɗaya, benci, talabijin mai ƙaton ƙeya, da ƙwallon kamfanin Konami da aka fi sani da PES. Doka a bayyane take: wanda aka ci ya biya, ya tashi. Yaron da ba shi da ko dala yana da rabonsa, domin shi ne mai ihu, shi ne mai kai labari fada, wato majalisar samari, cewa an zura wa wane biyar babu ko ɗaya, a yi ta tsiya har shayi na uku. Faifan kuwa sau ɗaya ake saye. In ya karce a goge shi da gefen riga.

Free Fire, da kamfanin Garena ya saki a 2017, dabararsa daban ce, kuma dole a yaba mata. An gina shi don wayoyi marasa ƙarfi. 'Yan wasa 50 ake saukewa a tsibiri, cikin kusan minti 10 a san gwani. Saurayi a Garin Malam zai iya karawa da wanda bai taɓa jin sunan Damagaram ba. Amma kyautar da ake cewa wasan yake, ta baki ce. Kowace shiga tana cin kuɗin intanet na Airtel, Moov ko Zamani, ga sabuntawar da ba ta ƙarewa, ga lu'ulu'un da ake saye don yi wa ɗan wasa sutura. Wanda ya ƙera Mario so yake ka kai ƙarshe ka ceto gimbiya. Wanda ya ƙera Free Fire ba ya son ka ga ƙarshe sam. Ita ma Konami ta bi sahu a 2021, ta mai da PES eFootball.

Wuri ɗaya ne waya ta yi wa shago fintinkau ba musu: lantarki. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, mai talabijin sai da janareto, mai waya kuwa cajin rana ya ishe shi.

Duk da haka, a ganina sababbin sun fi kyau, tsofaffin sun fi gaskiya a ciniki, kuma sun fi dacewa da zaman fada. Allon waya ba ya ɗaukar ido fiye da na mutum biyu.