Jinjina ga Masu Jin Yaren Allurar Zafi

Duk direban da ya taɓa ganin allurar zafin inji tana rawa, ta hau ta sauka, a tsakiyar cunkoson Kano cikin watan Afrilu, ya san faɗuwar gaba. A wajen bakanike na ƙwarai kuwa, rawar nan magana ce, kuma yana jin yarenta.

Ba ya gaggawa. Sai inji ya huce yake taɓa murfin lagireto, domin ruwan ciki kan wuce digiri 100, kuma da an buɗe zai yi tsartuwa ya sale fuska. Ya duba ko ruwa ya ragu, ko iska ta maƙale a hanya, don kumfa in ta ratsa kan sensa sai allura ta shara ƙarya. Ya dafa tiyon sama: in inji ya ɗau zafi amma tiyo na nan da sanyi, tamostat ne ya ƙi buɗewa. In duk lafiya, sai ya kira ɗan rewaya, wanda sau tari zai tarar wayar as ce ta yi tsatsa, ko soket ya saki. An gama, ba a tura ka kasuwar Ƙofar Ruwa sayen abin da bai lalace ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne mai ƙin yayin nan na cire tamostat a yar, a haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa mai yake sha, ya kuma tsufa da wuri.

Mai mota, in ka dace da irinsa, ba shi kuɗin dubawa ko bai canza komai ba.