Wayar Sirri da Iyakar 'Yancinta: Tsokaci a kan Librem 5 da PinePhone

A cikin wannan 'yar takarda za mu auna iƙirarin da masu manhaja mai 'yanci suke yi game da wayoyin da suka ƙera domin tsare sirri. Da muka ce manhaja mai 'yanci, muna nufin wadda kowa yake da damar ya yi aiki da ita, ya karanta rubutunta na asali, ya gyara, ya kuma rarraba, kamar yadda Richard Stallman ya yi ta kira tun da ya kafa shirin GNU a 1983.

A 2017 ne kamfanin Purism na Amurka ya nemi gudummawar jama'a don ƙera Librem 5, a kan dala 599 kowace ɗaya. An sa ran fitowarta a farkon 2019, amma cikakken samfurin bai fara isa hannun masu saye ba sai a Nuwamba 2020. Ita kuwa PinePhone ta kamfanin Pine64 ta shiga kasuwa a 2020 a kan kimanin dala 150. Abin da ya fi cancantar yabo a cikinsu shi ne makunni. Librem 5 tana da guda 3 a gefenta, waɗanda ke yanke wuta daga kyamara da makirufo, da Wi-Fi da Bluetooth, da kuma modem. Wannan dabara ce ta gaskiya, domin na'urar da ba ta da wuta ba ta iya leƙen asirin kowa.

To, amma a nan ne gizo ke saƙar. Modem, watau ɓangaren da ke magana da turakun kamfanin sadarwa, ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, kuma manhajar da aka sayar da ita a ciki rufaffiya ce a wayoyin biyu. Masu ƙira sun katange shi daga sauran wayar, sun kyauta, sai dai katanga ba buɗewa ba ce. Har ma ƙa'idar Free Software Foundation ta ɗauke kai daga irin wannan rufaffiyar manhaja muddin tana kan wani ƙaramin ɓangare ne kuma ba a tanadi sabunta ta ba. A ganinmu wannan sassauci ne da aka sa wa rigar ƙa'ida, kuma labaran da 'yan ƙungiyar ke yaɗawa ba su cika tsayawa a kansa ba.

Sa'an nan ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Duk lokacin da modem yake kunne, kamfanin sadarwa ya san turken da wayar ke kusa da shi, ko da wace irin manhaja take ɗauke da ita. A Nijeriya kuwa, tun Disamba 2020 hukumar NCC ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Malamin da ya sayi Librem 5 ya sa mata layinsa a Kano ko Zariya ya kuɓuta daga idon Google, wannan gaskiya ne, amma sunansa da inda yake suna nan a rubuce a wurin mai layin. In ya kashe makunnin ya ɓace musu, kiran ɗalibansa da na iyalinsa ma ba zai shigo ba.