Kalmar "Declension": Asalinta da Haɗarin Aronta

Malaman kwalejojin horon malamai sukan tambaya da wace kalma za a fassara "declension". Wasu sun zaɓi "li'irabi". A ganina, kafin a nemi fassara ya kamata a san abin da kalmar take ɗauke da shi.

Asalinta Latin ne, declinatio, watau karkacewa. Masana nahawun Girka sun ɗauki suna a siffarsa ta fa'ili tamkar sanda a tsaye, sauran siffofin kuwa faɗuwa ce daga wannan tsayuwa. Suka kira ta ptosis, Rumawa suka fassara da casus. Shi Aristo bai keɓe ptosis ga suna ba, har canje-canjen aikatau ya sa a ciki. Haka kuma Varro, wanda ya rasu shekara 27 kafin Miladiyya, ya kasa declinatio gida biyu: naturalis, wadda ƙa'idar harshe take tilastawa, da voluntaria, wadda mai magana yake ƙirƙira da son ransa. Waɗannan su ne kusan abin da muke kira kumbura da tsira. Sai daga baya ma'anar ta ƙuntata, ta tsaya ga rukunoni biyar na sunayen Latin, inda sarki yake zama rex, ko regem, ko regis, gwargwadon aikinsa a jimla.

Li'irabi kuwa tushensa bayyanawa ne, ba karkacewa ba, ga shi kuma yana shiga fi'ili mulari'i kamar yadda yake shiga suna. Ashe kalmomin biyu ba su faɗi wuri ɗaya ba.

Babban abin tsoro shi ne a ari kalma, sa'an nan a matsa wa Hausa ta haifar da abin da kalmar take nufi. Na taɓa ganin allon da aka jera "sarki, na sarki, ga sarki, da sarki", wai faɗuwa huɗu ke nan. To, ina abin da ya karkace? Sarki yana nan yadda yake, harafi kawai aka ajiye a gabansa. Canjin sunan Hausa na jinsi ne da adadi da mahaɗi: sarauniya, sarakuna, sarkin Kano. Iyakar abin da ya yi kama da faɗuwa shi ne irin "a ka" daga kai, da "a baka" daga baki, kuma 'yan ƙalilan ne, ba su isa a kafa musu jadawali ba. Kumburar suna ta wadatar da ɗalibi.